Yaƙin Ƙadisiyya a Gindin Darbejiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga Alhaji Inuwa mai banda, dattijon rumfar 'yan kifi a kasuwar Garwa, uban 'ya'ya bakwai, wanda ya taka Makka da ƙafarsa, zuwa ga ɗansa Bashiru da ke Banyo a gidan Alhaji Ɗahiru mai shanu. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ruwan garin ya karɓe ka, sanyinsa bai kwantar da kai ba. Ka gaishe min da maigidanka da iyalinsa. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin bakinka, wanda shi ne na fi jin tsoro.

Ba labari zan ba ka ba. Innarka lafiya, gida lafiya, shi ke nan. Abin da ya sa na jiƙa tawada shi ne yau kwana goma sha tara ke nan da ka saɓa jakarka ka nufi ajans, tashar motocin tafiya, ka hau mota, ban fito zaure ba, ban dafa kanka ba, ban tofa maka addu'a ba. Tun zamanin kakan kakanka da ya zo garin nan daga ƙasar Kano da jakunansa, ba a taɓa yin ɗan gidan nan da ya bar gari ba tare da ubansa ya kama kansa ya tofa masa ba. Kai ne na fari. Tun ranar kuma ba ka kira ba, ni ma ban kira ba. To me ya jawo? Gado muka raba? Gona ka sayar min? A'a. Yaƙin da aka yi aka gama tun shekara dubu da ɗoriya, a ƙasar da ni da kai ko a mafarki ba mu taɓa gani ba.

Bari in tuna maka, tunda kai mai son a faɗi abu daidai ne. Bayan la'asar ne, a gindin darbejiyar nan ta bayan rumfa inda muke zama da abokaina. Na ɗauko labarin Ƙadisiyya, na kai daidai inda giwayen Farisa suka kutso cikin rundunar Musulmi, na hawar da Khalid ɗan Walid, Allah Ya ƙara masa yarda, bisa dokinsa, takobi a hannu, majalisa ta yi tsit har mai shayi ya manta da butarsa a wuta. Sai ga muryarka daga bayana.

"Baba, Khalid bai je Ƙadisiyya ba."

Na ce, "Me ka ce?"

Ka ce, "Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya ja rundunar. Khalid yana Sham a lokacin. Ga shi nan a rubuce."

Ka miƙo min wayarka har kan hancina, sai ka ce ni zan karanta Faransanci. Modibbo Hamadu, abokina na shekara talatin, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi cikin kwandon kifi. Ya ce, "Kay, Alhaji! Duk shekarun nan kana sukuwa da bawan Allah a filin da bai je ba? Ka sauke shi haka nan ya huta!" Kowa ya ɗauka. Har yaran masu tura baro suka tsaya suna tambayar abin da ya faru. Na tashi na kaɗe rigata na tafi gida. Kwana uku bayan nan ka tafi.

To zauna ka ji. Ni mutum ne mai taurin kai, kowa ya sani, awakin gidan nan ma sun sani. Cutar da ke jikinka daga wurina ka ɗauke ta, don haka zan gaya maka abin da ta yi min, ko Allah Ya sa ka ji.

Ina da shekarunka kakanka ya tura ni Lagdo in tsare masa banda. Ka san aikin: a jera tarwaɗa da karfasa a kan raga, a sa ɗanyen itace a ƙasa, hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Duk aikin mai tsaro bai wuce ya zauna ya zuba ido ba, da ya ga man kifi ya ɗiga wuta ta taso sai ya yayyafa ruwa. Ko makaho mai hanci zai iya. Ina zaune sai ga wani Babarbare masunci, Bukar sunansa, yana gyaran koma a kusa da ni. Ban san ta ina magana ta ɓullo ba, sai na ji ya ce ai a cikin sarakunan yaƙi babu kamar Amru ɗan Asi, tunda da 'yar runduna kaɗan ya shiga Masar ya buɗe ta.

Na ce, "Masar? Malam Bukar, ka san hamadar da Khalid ya ratsa daga Iraƙi zuwa Sham? Inda ko tsuntsu ba ya bi?"

Ya ce, "Ratsa hamada ai tafiya ce, ba yaƙi ba. Kakata ma ta ratsa hamada ta je Makka."

Wallahi jinina ya hau. Na tsinci kara na fara zana masa a rairayin bakin ruwa: nan Iraƙi, nan Sham. Wuri ya yi kaɗan, na matsa gaba don hamadar ta samu faɗinta. Na nuna masa inda aka shayar da raƙuma har suka ƙoshi, inda aka yada zango, inda ruwa ya ƙare. Na ƙara matsawa. Ina jin mata suna ihu a bayana, na ɗauka bayanina ne ya ratsa su. Sai da na isa Sham na waiwayo, na ga wuta ta fi rufin bukka tsawo.

Kifin mako guda ya koma gawayi. Washegari kakanka ya iso. Bai yi faɗa ba. Ya bi zanen nan nawa a rairayi da ƙafa, tun daga Iraƙi har Sham, hannunsa a baya. Sannan ya ce, "Inuwa, wa ya yi nasara?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Bukar ya yi shiru."

Ya ce, "Madalla. To ɗauki ganimarka." Ya sa na loda gawayin nan a faranti na ɗora a ka, na bi shi a baya muka ratsa kasuwar Lagdo kaf, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ɗana ne, daga yaƙi ya dawo."

Don haka, Bashiru, in an ba ka igiyar sa a kasuwar shanu, riƙe igiyar sa. Kai da ka san komai, ka san abin da ya faru a Uhudu da maharba suka bar tudun da aka ce su tsaya. Alhaji Ɗahiru bai ɗauke ka don ka gaya masa wanda ya buɗe Masar ba. Idan wani ya zo yana cewa wane ya fi wane, ka ce masa "useko" kamar yadda Fulani ke godiya, ka ci gaba da kallon shanunka. Saniya ba ta jiran a gama muhawara.

Ka ɗauka wannan ya ishe ni darasi? Ina! Ga wadda ta fi ta muni, wadda na hana a faɗa a gidan nan, ko da yake na san Innarka ta gaya wa kowa har da mai kawo mana ruwa.

Lokacin da Baffanka Sale ya ga yarinyar da yake so a Ngong, ni aka naɗa wakili in je neman aure, Modibbo Hamadu ya raka ni. Muka ɗauki goro mai kyau, fari da ja, an naɗe shi a ɗanyen ganye. Muka isa da hantsi, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, wan uban yarinyar ya fito, wani tsoho mai farin gemu da carbi. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi ruwan bana. Saura kawai in ce, "Mun zo neman iri." Kalma huɗu, Bashiru. Sai tsohon nan, don dai a ja hira, ya ce ya ji an ce ni ne mai labarin Khalid a Garwa. Na ce ni ne. Ya ce, "Jarumi ne, babu shakka. Amma ka san Abu Ubaida aka ɗora a kansa daga baya."

Modibbo ya taka min ƙafa. Ban ji ba. Na ce, "Baba, da izininka, bari in nuna maka Yarmuk." Na kwance ganyen goron nan da hannuna. Farin goro na jera shi a matsayin Musulmi, jan goro Rumawa, tunda shi ya fi yawa. Na ari takalman tsohon na ajiye a bayan Rumawa, na ce wannan shi ne kwazazzabo. Butar alwalarsa ta zama tudu. Na ware manyan goro guda shida na ce su ne barade, na zaga da su ta bayan buta.

Tsohon ya ce, "Ba ta nan suka bi ba."

Na ce, "Ta nan suka bi!"

Ya ce, "Kana wurin?"

Na ce, "Kai kana wurin?"

Haka muka yi ta tura goro gaba da baya a rana, yana bushewa, yana shan ƙasa. Maƙwabta suka taru. Wata akuya ta zo ta cinye ɓangaren hagu na Rumawa, na ce a ƙyale ta, ai dama an karya su. Aka kira azahar, muka yi salla, muka yi sallama da fara'a, tsohon har yana cewa in dawo mu ƙarasa. Sai da motarmu ta hau gadar Binuwai za mu shiga Garwa Modibbo ya juyo ya ce, "Alhaji, yarinyar fa?"

Na ce, "Wace yarinya?"

Baffanka ya fito da sabuwar riga yana jiranmu a zaure. Ba na son tuna fuskarsa. Da aka sake aikawa, mutanen Ngong suka ce sun yarda, amma a turo wani wakilin, kuma a kawo goron da bai je yaƙi ba. Sai bayan kaka aka ɗaura auren. Har yau in na shiga gidan Baffanka matarsa ruwa kawai take ba ni.

Nasihar a nan ita ce ka san abin da aka aike ka. In maigidanka ya tura ka wurin dillali ko wurin likitan dabbobi, ka faɗi saƙon tun kana tsaye, kafin a ba ka wurin zama, don na san da ka zauna an gama. Sannan ka lura, tsohon nan gaskiya ya faɗa. An sauke Khalid daga shugabanci yana kan ganiyarsa, aka ɗora wani, bai ɗaure fuska ya koma gida ba, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin wanda aka ɗora. Ni da nake yabonsa safe da yamma, in aka canja min kujera a majalisa sai in yi kwana uku ba na amsa gaisuwa. Innarka ta ce ban ɗauki komai daga mutumin nan ba sai ambaton sunansa. Na ce mata ta yi shiru, amma na ji.

Ta uku ba abin dariya ba ce.

Ka tuna Musye Danyel? Kana ƙarami lokacin. Mutumin kan dutse ne, Kirista, yana sayar da albasa da gyaɗa a rumfar da ke jikin tawa. Shekara goma sha wani abu muna tare. Ran Juma'a in zan tafi masallaci shi ke tsare min kifi, ran Lahadi in ya tafi coci ni ke tsare masa albasa, ba mu taɓa ƙirga wa juna komai ba. Ya yi makarantar boko, don haka nasa gwanin Napoleon ne. Kullum muna yi, muna dariya. Ya ce, "Alaji, naka da takobi ya yi, nawa da igwa." In ce, "Naka sanyi ya kore shi daga ƙasar Rasha, ya ƙare a tsare a tsibiri. Nawa ba a taɓa karya shi ba, a kan gadonsa ya cika." Ya ce, "To da an ba naka igwa, ya san inda ake cusa albarushi?" Mu yi ta yi har a tashi kasuwa.

Rannan ya kawo wata hujja da na rasa amsarta. Yau ko hujjar ban tuna ba. Mutane suna kallona. Sai na ji bakina ya ce, "Kai da ka gangaro daga kan dutse jiya, me ka sani game da doki? Ku da jaki ma sai kun zo gari kuke ganinsa."

Ba Napoleon na zaga ba, Bashiru. Uwarsa da ubansa da garinsu na zaga. Ya sunkuya ya ci gaba da ware albasarsa, ruɓaɓɓiya gefe, mai kyau gefe. Juma'ar da ta biyo ya tsare min kifi kamar kullum, amma da na dawo bai ce min "Alaji, ka roƙa mana?" ba, yadda ya saba. Bayan wata biyu ya koma can layin masu hatsi. Kullum ina cewa gobe zan je in same shi. Layin masu hatsi fa, ba Makka ba, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. Na yi ta cewa gobe har ya tattara ya koma ƙauyensu. Wata rana ɗansa ya zo sayen kifi, na tambaye shi, ya ce ai an binne shi tun damina.

Idan hujjarka ta ƙare, ka tashi. Harshe in ya rasa abin kamawa asalin mutum yake kamawa. Ka san ranar da na fi girmama Khalid yanzu da na tsufa? Ranar Mu'uta. Shugabanni uku sun yi shahada ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki tuta, ya duba ya ga abin da ke gabansa ya fi ƙarfin mutanensa, ya yi dabara ya janye su ya kai su gida da rai. Shekara talatin ina ba da labarin nan, ban taɓa janyewa daga musu ko sau ɗaya ba.

To yanzu mu dawo gindin darbejiya. Ka yi gaskiya. Sa'adu ne. Na faɗa, na rubuta da hannuna, ka ajiye takardar ka nuna wa jikokinka. Ba shi da lafiya ma a ranakun, daga saman gini yake kallon fili yana aika umarni, Allah Ya ƙara masa yarda. Ni na haɗa yaƙi biyu na dama su wuri guda tun ina saurayi, babu wanda ya gyara min, har abin ya zauna.

Amma kai, don Allah, wane irin mutum ne? A gaban Modibbo? A gaban mai shayi? Ba ka iya bari mu koma gida, in ci tuwo, in wanke hannu, sannan ka matso ka ce, "Baba, na ga wani abu a nan, duba min ko su ne suka yi kuskure"? Da na yi faɗa kaɗan, na ce masu waya ba su san komai ba, bayan sati biyu kuma sai ka ji na sa Sa'adu a labarin kamar dama can haka nake faɗa, kai kuma ka yi kamar ba ka lura ba. Haka ake gyara wa babba. Kowa ya san wannan sai kai da ka yi lise, babbar makarantar boko.

Kuma ba ni kaɗai ba. Kai ne ka gaya wa Innarka cewa gishirin da take sa wa miya ya wuce abin da likitoci suka yarda. Kai ne ka tsare liman a ƙofar masallaci kan sunan wani kwamanda da ya faɗa a huɗuba. Direban da ya kai mu suna Lagdo, ka ce masa ba haka ake canja giya ba, kai da ko keke sai da aka riƙe maka. Ƙaninka Tasi'u, yaro natsattse mai hankali wanda duk unguwa ke sha'awarsa, ya ce maka Salahuddini ya fi kowa don shi ya karɓo Ƙudus, ka bi shi har bayan gida kana karanta masa ta jikin ƙofa. Wannan ilimi ne ko ciwo?

Su waɗannan bayin Allah da muke ta jerawa, wane na ɗaya, wane na biyu, sun yi salla a sahu ɗaya, wannan ya yi yaƙi a ƙarƙashin wancan. Mu ne masu sayar da kifi muka zauna a inuwa muna raba musu matsayi, alhali in kare ya yi haushi a layinmu Modibbo ne ke fara hawa tebur, ni ina biye.

Ga sauran abin da zan ce maka a taƙaice. Hanyar Banyo da damina ba ta da kirki, kada ka hau bayan mai moto, wato mai babur, da ya ce maka shi ba ya taka birki. Ka ci abin da aka ba ka ba tare da ka faɗi yadda ake dafa shi a Garwa ba. In Fulani suna magana a kan shanu, kai ɗan mai kifi ne, ka rufe bakinka ka koya. Ka riƙe salla a kan lokaci. In maigidanka ya faɗi abu ba daidai ba a gaban mutane, ka ciji harshenka har ya yi jini.

Sannan na yanke hukunci, a matsayina na uba: ɗakinka na ba Tasi'u, tare da katifar. Shuɗiyar hularka ma da ka ɓoye a ƙasan akwati na ba shi, ta fi yi masa kyau. Makullin moto kuma ka faɗi inda ka ɓoye shi, an duba cikin tukunyar Innarka da saman katanga da cikin tsohon takalminka ba a gani ba. In za ka aiko da man shanu, ka rubuta sunan Tasi'u a jikin gorar, don shi ne...

Yaya Bashiru, hannuna ya gaji. Rubutun Baba yana da wuyar kwaikwayo, yadda yake jan wasalinsa kamar wutsiyar tarwaɗa.

Ni ne. Tasi'u ne. Na san tun wajen hular ka gane, in ma ba ka gane tun daga "ka yi gaskiya" ba, don ni da kai mun san Baba zai yarda ya haɗiye garwashi kafin ya rubuta wannan. Tawadarsa na sata da alƙalaminsa, na zauna a ɗakinka na rubuta. Kada ka yaga takardar tukuna. Labaran duk gaskiya ne, na Lagdo da na Ngong daga bakin Modibbo na ji su, na Musye Danyel kuma Inna ce ta ba ni shekaranjiya tana tsinke zogale, ba ta ƙarasa ba ta tashi ta shiga ɗaki. Ita ta sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ba ta san na ɗauka ba.

Kun ishe ni, kai da shi. Wallahi kun ishe ni. Gidan nan ya zama kamar gidan makoki. Baba yana zuwa gindin darbejiya ya zauna, amma tun ranar bai sake ba da labari ko ɗaya ba. Modibbo ya tsokane shi ya tsokane shi, har cewa ya yi Napoleon ya fi kowa, don dai ya tanka, Baba ya ce, "Wataƙila." Baba fa! Na gan shi da idona ya tsaya da liman bayan azahar, ya yi ƙasa da murya, na matsa kamar ina neman takalmina. Tambayarsa yake wa ya ja Ƙadisiyya. Liman ya gaya masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron ya yi karatu." Bai ce a gaya maka ba. Duk direban da ya zo sayen kifi sai ya tambaye shi yadda hanyar Banyo take, wai don yana tunanin kai banda can. Wa zai kai banda Banyo?

Ba zai kira ka ba. Ka san shi. Kai ma ba za ka kira ba, don kai ne shi, gemu ne kawai babu. Shi ya sa na yi abin da na yi, kuma ba wannan takardar kaɗai ba. Jiya na gaya masa cewa ka kira ni, ka ce za ka kira shi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe min. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Shi ya sani." Can an jima ina shara sai ya ce, "Juma'ar nan ko ta sama?" Na ce ta nan. Yau da safe ya ba ni 'yar wayarsa mai maɓalli ya ce in kai a yi mata caji, in kuma ƙara mata ƙara don ba ya ji a kasuwa. Sannan na ji yana tambayar Modibbo, wai a wurin malamai, in mutum ya tofa addu'ar tafiya ta waya tana isa ko sai an dafa kai.

Don haka ka kira. Ba sai ka ce ka yi kuskure a kan Sa'adu ba, ba ka yi ba. Ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na tafi ba ka sa min albarka ba." Daga nan ka yi shiru. Na san shirun zai yi maka wuya, amma ka daure. In kuma ya ɗauko labari ya sa wani a dokin da ba nasa ba, ka bar shi a kai.

In ba ka kira ba, ni ne zan tsaya a gabansa ran Juma'a da la'asar, yana riƙe da wayar nan, in ce masa ƙarya na yi. Dukan ba ya damuna, na saba. Fuskarsa ce ba na son gani.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya kare ka a hanya da masauki, Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ƙaninka Tasi'u, wanda ba Alhaji ba ne, ba shi da ɗa ko ɗaya, kuma bai taɓa wuce Ngong ba.